Giyar Hannu da Giya Mai Sauya Kanta: Tarihin Wata Gardama a Fagen Tseren Motoci na Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani irin tseren motoci da suke kira dirag, wanda ba a zagaya fili a cikinsa, ba a kuma shan kwana. Motoci biyu ne kawai za su jeru kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙiyar kwalta, a ba su alama, su fizga a guje, wadda ta riga kai ƙarshen rubu'in mil ita ce ta ci. Rubu'in mil ɗin nan ƙafa 1,320 ne, watau mita 402 da 'yan kai, kuma irin motocin da za mu yi magana a kansu sukan cinye shi cikin sakan 9 ko 10 ko 11. Saboda ƙarancin wannan lokaci, duk wani ɗan motsi da direba ya yi da hannunsa ko da ƙafarsa yana da lissafi. To, a nan ne wata gardama ta samo asali, wadda masu wannan wasa suka shafe shekara da shekaru suna yi: shin ya kamata a ci gaba da ware motoci masu giyar hannu a ajinsu daban, masu giya mai sauya kanta, watau otomatik, su ma a nasu, ko kuwa lokaci ya yi da za a gwama su wuri guda?

Wanda ya taɓa zama a tashar mota ko a garejin makanikai a nan ƙasarmu ya san ana irin wannan musu, inda za ka ji tsohon direba yana cewa wanda bai iya taka kuloci ba bai iya mota ba. Amma musun tasha hira ce, a tashi kowa ya kama gabansa. Na Amurka kuwa ya shiga littafin dokoki, akwai kofi da kuɗi da suna a cikinsa, kuma abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne yadda katangar da aka gina tun farko domin kare ɓangare guda ta wayi gari tana kare ɗaya ɓangaren.

Asalin wasan da asalin rabon

Wannan wasa ya girma ne a kudancin jihar Kalifoniya. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu samari masu sha'awar gyaran tsofaffin motoci sukan fita busassun tafkuna na hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, su gwada gudu. Bayan yaƙi abin ya yawaita, ya kuma malalo kan titunan gari, har ya zama abin kuka ga 'yan sanda da iyaye. A 1950 wani mutum mai suna C. J. Hart ya buɗe fagen tsere na kuɗi a filin jirgin sama na Santa Ana. A 1951 kuma Wally Parks, wanda a lokacin shi ne editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA domin a ɗauke wasan daga kan titi a sa masa doka da oda. Ƙungiyar ta yi gasarta ta farko a Pomona a 1953, ta yi gasar ƙasa baki ɗaya ta farko a garin Great Bend na jihar Kansas a 1955, sannan daga 1961 babbar gasar ta zauna a Indianapolis.

Tun farko an gane cewa ba adalci ba ne a haɗa kowace mota da kowace mota, kamar yadda ba a haɗa ƙaramin yaro da ƙato a fagen kokawa. Saboda haka aka tsara azuzuwa. Ajin da ya shafe mu shi ne wanda suke kira Stock, watau motocin da aka bari kusan yadda kamfani ya sayar da su, da kuma yayansa Super Stock, inda aka ɗan sassauta dokar gyara. Yadda ake sanya mota a aji shi ne a ɗauki nauyinta a raba da ƙarfin injinta. Alal misali, motar da ta kai laba 3,400, injinta kuma yana da ƙarfin doki 425, kowane doki yana jan laba 8 ke nan. Kowane aji yana da iyakarsa ta wannan lissafi, ana kuma ba shi harafi: A, B, C, har ƙasa, gwargwadon yadda nauyin da ke kan kowane doki ke ƙaruwa.

Sai dai wannan lissafi bai kula da wani abu ba, watau hanyar da ƙarfin injin ke bi kafin ya kai ga taya. A mota mai giyar hannu, idan direba ya saki kuloci, inji da giyabos sun haɗe ke nan, ƙarfe da ƙarfe, ɗan abin da ke ɓacewa a tsakani kaɗan ne. A mota mai otomatik kuwa, a wurin kuloci akwai wata ƙwarya ta ƙarfe cike da mai, makanikai na kiranta konbata. Idan mai karatu ya ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ya kunna ɗaya, zai ga iskarta tana juya ɗayar. To, haka konbata take aiki, sai dai mai ne a madadin iska. Dabara ce mai kyau ga mai zuwa ofis ko kasuwa, amma wani ɓangare na ƙarfin yana zurarewa a cikin man.

Kamfanin General Motors ne ya fara yaɗa otomatik a kasuwa da giyarsa mai suna Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na 1940. Buick ta fito da Dynaflow a 1948, Chevrolet kuma ta fito da Powerglide mai giya biyu kacal a 1950. An yi su ne domin sauƙi da laushin tafiya, ba domin gudu ba, shi ya sa samarin tsere suka raina su, har suka yi musu laƙabi da wani suna da za mu iya cewa akwatin caɓi. Amma fa jama'a suna ta sayensu, kuma NHRA tana son kowa ya zo fage da motar da yake hawa. Mutumin da ya zo da motar gidansu mai otomatik, in aka haɗa shi da mai irin motarsa sak amma mai giyar hannu, an san wanda zai sha ƙura tun kafin a tashi, kuma wanda ya sha kaye sau biyu sau uku ba zai sake biyan kuɗin shiga ba. Maganin da aka samo shi ne a raba kowane aji gida biyu, a ƙara harafin A a ƙarshen sunan na otomatik. Sai aka sami A/S da A/SA, B/S da B/SA, haka har ƙasa. Zuwa 1962 wannan rabo ya riga ya zauna daram har a cikin manyan motoci. Mu lura da kyau, domin nan ne tushen maganar: an yi rabon ne don tausayin otomatik, ita ce raunanna a wancan zamani.

Yadda reshe ya juye da mujiya

Ba a daɗe ba al'amarin ya sauya, kuma kamfanin Chrysler ne ya sauya shi. A 1956 ya fito da wata otomatik mai giya uku mai suna TorqueFlite, a 1962 kuma ya sake mata gida na alminiyam mai ƙarfi da rashin nauyi, a daidai shekarar da ya fito da wani ƙaton inji na tsere mai lamba 413 a motocin Dodge da Plymouth. A waɗannan motoci ba sanda ake ja ba, maɓallai ne a jikin dashbod direba yake dannawa, har abokan hamayya suna zolayarsu da cewa tafireta suke bugawa. Zolayar ba ta daɗe ba. Wata ƙungiya ta injiniyoyin kamfanin da suka kira kansu Ramchargers, waɗanda suke zuwa fage a ranakun hutunsu, ta nuna wa duniya cewa tafiretar nan tana iya barin gwanayen sanda a baya.

Dalilin yana wurin taya. A wancan lokaci doka ta taƙaita faɗin tayar baya ga waɗannan motoci zuwa inci 7, alhali injin ya haura ƙarfin doki 400. Mai giyar hannu in ya saki kuloci da ƙarfi, sai tayoyin su yi ta juyawa wuri ɗaya suna hayaƙi, motar ba ta gaba. In kuma ya sake shi a hankali, sai injin ya yi sanyi. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan siririn wuri da sai gwani ke samunsa, kuma ko gwanin ba kullum ba. Ita kuwa konbata, wannan zurarewar da ake zaginta a kai ita ce ta zama alheri: tana sassauta bugun farko, ta miƙa wa taya ƙarfin a hankali, har ma tana ninka ƙarfin juyin a lokacin tashi. Daɗin daɗawa, otomatik ba ta kuskuren giya. Mai sanda yana da sauyi uku a cikin sakan goma sha biyu, kowane ɗaya kuma dama ce ta yin kuskure.

Ba kowace otomatik ce ta kai wannan matsayi ba. A 1964 kamfanin Ford ya ƙera wasu motoci kamar guda 100 masu suna Thunderbolt, ya cusa ƙaton inji mai lamba 427 a cikin ƙaramar Fairlane, wasu da giyar hannu wasu da otomatik. Masu otomatik ɗin ba su yi abin kirki ba, har da yawa daga masu su suka cire ta suka sa ta hannu. Chevrolet ma, wadda Don Nicholson ya ci mata gasar Pomona a 1961 da 1962 da injinta mai lamba 409, giyar hannu ta dogara da ita. Saboda haka a farkon shekarun 1960 gardamar giya ta zama kusan gardamar kamfani: in ka ce kai ɗan otomatik ne, to an san Dodge ko Plymouth kake goyon baya.

A wani gefen kuma akwai masu tsofaffin motoci da aka yi wa gyara mai zurfi, waɗanda ba su jira kamfani ba. Wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya mai suna B&M ya ɗauki tsohuwar Hydra-Matic ya gyara ta yadda direba ne zai riƙa sauya ta da hannu, ba tare da kuloci ba, ya kira ta Hydro Stick. Shahararriyar motar nan ƙirar Willys ta 1941 ta Stone da Woods da Cook da ita ta yi suna. Yana da kyau a ambata a nan cewa Fred Stone da Leonard Woods, masu motar, baƙaƙen fata ne, direbansu Doug Cook kuma farar fata, a zamanin da irin wannan tarayya ba ta zama ruwan dare ba a Amurka. Daga baya B&M ɗin ta sake fito da wata mai suna ClutchFlite, inda aka cire konbata daga TorqueFlite aka sa kuloci a wurinta. To, wannan fa, giyar hannu ce ko otomatik? Da kuloci take tashi, amma ba a taka shi wajen sauyi. Tun daga nan masu rubuta doka suka fara gane cewa layin da suka ja ba a kan dutse yake ba.

Zamanin Ronnie Sox da ƙarshensa

In ana maganar giyar hannu a wannan wasa, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Ronnie Sox, mutumin jihar North Carolina, wanda ya yi tarayya da Buddy Martin suna tuƙa wa Plymouth. Gwanintarsa ita ce sauya giya ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba: ƙafar dama tana ƙasa, ta hagu ta ɗan taɓa kuloci kamar ƙiftawar ido, hannu ya riga ya kai sanda gidanta. Wanda ya yi jinkiri kaɗan a wannan dabara zai fasa inji, wanda ya yi gaggawa kuma zai karya haƙoran giya. Sox yana yinta sau uku a kowane gudu, mako bayan mako, da wuya ka ji ya kuskure.

A 1968 Chrysler ta sa kamfanin Hurst, mai ƙera sandunan giya, ya harhaɗa mata wasu motoci na tsere zalla, Dodge Dart da Plymouth Barracuda masu injin Hemi 426, waɗanda duka-duka ba su kai 200 ba. An yi wasu da giyar hannu wasu da TorqueFlite, suka shiga aji biyu, SS/B da SS/BA. Mota iri ɗaya, inji iri ɗaya, amma kofi biyu. Har yau ana tsere da waɗannan motoci, an ba su aji nasu na kansu mai suna SS/AH, kuma tun 2001 ake yi musu gasa ta musamman a Indianapolis.

A 1970 NHRA ta buɗe sabon aji na ƙwararru mai suna Pro Stock, inda babu rabon giya, babu ba da rata, a tashi tare wanda ya riga ya ci. Bill Jenkins ne ya ci gasar farko a Pomona da motarsa Camaro, ya ka da Sox a zagayen ƙarshe. Amma daga nan Sox ya mamaye fagen, ya cinye mafi yawan manyan gasannin 1971. Abu biyu suka karya wannan mulki. Na farko doka ce: a 1972 NHRA ta sauya lissafin nauyi yadda masu injin Hemi za su ɗauki kaya fiye da masu ƙananan injuna, sai Jenkins ya zo da 'yar ƙaramar Chevrolet Vega ya share fage, mutanen Chrysler kuma suka yi ta kukan an zalunce su. Na biyu ƙarfe ne: wani maƙeri mai suna Leonard Abbott ya ƙera giyar da ake kira Lenco, wadda ta bazu a ajin a 1973. Da kuloci ake tashi da ita, amma daga nan sai direba ya riƙa jan sanduna ɗaya bayan ɗaya, kowace giya da sandarta, ba taka kuloci, ba neman gida. Abin da Sox ya shafe shekaru yana koyo ya zama abin da kowane direba zai iya saye da kuɗinsa.

A ganina wannan shi ne wuri mafi muhimmanci a duk tarihin. A ajin da kuɗi da gudu suka fi yawa, ba wanda ya zauna taro ya yanke shawarar gwama giyar hannu da otomatik. Ƙira ce ta narkar da bambancin, ta haifi wata aba da ba wannan ba ce ba kuma waccan ba. A can sama kuwa, wurin dogayen motocin Top Fuel, maganar ma ta wuce nan. Don Garlits ya rasa wani ɓangare na ƙafarsa ta dama a watan Maris na 1970 a fagen Lions, lokacin da giyabos ɗinsa ya fashe ya raba motar gida biyu, abin da ya sa ya mai da inji bayan direba ya kuma ci gasar Pomona da sabuwar ƙirar a 1971. Irin waɗannan motoci a yau ba su da giyar sauyawa sam, kuloci ne mai hawa-hawa yake kamawa a hankali har ƙarshen fage.

Tseren alkawari

Ga talakawan wasan kuwa, watau masu zuwa da kuɗin aljihunsu, wani sauyi ne daban ya ƙara ɗaga otomatik. A 1963 aka daina amfani da mai tuta wajen tashi, aka kafa wani dogon ƙarfe mai jerin fitilu. Da yake na'ura ce ke kunna fitilun, sai ya zama ana iya ba mota marar gudu rata daidai gwargwado. Daga nan aka sami tsarin da zan kira tseren alkawari: kowane direba zai rubuta a gilashin motarsa sakan nawa yake ganin zai yi, a ba wanda lokacinsa ya fi tsawo ratar bambancin, kuma duk wanda ya yi gudu fiye da abin da ya rubuta ya faɗi, sai fa in abokin karawarsa ya fi shi karya alkawarin. A irin wannan tsere ba gudu ake nema ba, maimaici ake nema, watau motar da za ta yi 10.52 yanzu ta sake yin 10.52 an jima.

A nan ne Powerglide, wadda aka fi rainawa a da, ta zama sarauniya. Giya biyu gare ta, sauyi ɗaya ke nan, wurin kuskure ɗaya. Chevrolet ta daina sa ta a mota a 1973, amma har yau ƙananan kamfanoni suna ƙera sababbinta domin tsere kawai. Aka gyara konbata yadda za ta bar inji ya hau sosai kafin ta kama, aka kuma ƙirƙiro wata dabara ta kulle giyar gaba da ta baya tare a wurin tashi, motar tana ruri amma ba ta motsi, sai direba ya saki maɓalli ta yi tsalle. A azuzuwan da aka ƙayyade wa lokaci guda, kamar Super Comp mai sakan 8.90 da Super Gas mai 9.90, doka ba ta raba giya ba, kuma sakamakon a bayyane yake: kusan kowa otomatik yake da ita. Masu adawa da gwamawa sukan nuna wannan su ce, ga abin da ke faruwa in an rushe katanga.

Abin da ake gardama a kansa

Sauran wurin da rabon ya fi ƙarfi shi ne Stock da Super Stock, inda har yanzu za ka ga Camaro ta 1969 da Plymouth ta 1964 suna ɗaga tayoyin gaba. Yana da muhimmanci mai karatu ya gane cewa a babbar gasar waɗannan azuzuwa, mai sanda da mai otomatik suna haɗuwa kullum, ta hanyar tseren alkawari. To, in haka ne, me ya rage na gardama? Ba a nan gizo ke saƙa ba. Doka ta ce in motoci biyu 'yan aji ɗaya suka haɗu, babu alkawari babu rata, a tashi tare wanda ya riga ya ci. Ban da wannan, kowane aji yana da ma'aunin lokacinsa da ake auna cancanta da shi, da tarihin bajintarsa, da kofinsa a ranar da ake fitar da zakaran aji. Gwamawa tana nufin A/S da A/SA su zama abu ɗaya a duk waɗannan.

Masu son a gwama suna da hujjoji masu nauyi. Sun ce azuzuwa sun yi yawa har ɗan kallo ba ya gane su. Sun ce masu giyar hannu sun ragu ƙwarai, ta yadda a wasu azuzuwan mutum ɗaya ne zai zo, ba shi da abokin karawa. Wasu ma sukan yi zargin cewa akwai masu fakewa a irin waɗannan azuzuwa marasa jama'a domin kada su taɓa haɗuwa da karon tashi-tare, alhali ɗan aji mai cunkoso yana kashe dubban daloli a kan inji saboda tsoron wannan karo. Sun kuma ce dalilin farko na rabon ya mutu tun zamanin TorqueFlite. Hujjarsu ta ƙarshe kasuwa ce: a 2019 motoci masu giyar hannu ba su kai 2 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a Amurka ba, kuma Corvette kanta ta bar giyar hannu a ƙirar 2020. Samarin da za su gaji wasan da yawansu ba su taɓa taka kuloci ba.

Masu adawa kuwa ba daga ɓangare ɗaya suke ba, kuma wannan shi ne abin sha'awa. Mai otomatik yana tsoron cewa mota mai sanda da aka daidaita kulocinta da kyau, a ranar da kwalta ke kama taya, za ta fi shi gudu a karon tashi-tare, domin har yau ba ta zubar da ƙarfi a cikin mai. Mai sanda kuma yana tsoron cewa a ranar da kwalta ba ta da kyau shi ne zai yi ta hayaƙi a wurin tashi, ga kuma wahalar daidaita kuloci da ake yi a kwance ƙarƙashin mota tsakanin gudu da gudu, ga karyewar kayan ƙafar baya saboda ƙarfin bugu. Kowa yana ganin ɗan'uwansa ne zai ci riba. Akwai kuma tsoro na uku da ya haɗa su duka. NHRA tana da tsarin da in wata mota ta yi gudu fiye da ma'aunin ajinta da rata mai yawa, sai a ƙara wa irin injinta ƙarfin doki a takarda, wanda ke nufin duk mai irin wannan inji a faɗin ƙasar sai ya ƙara nauyi ko ya sauya aji. In karon tashi-tare ya yawaita, dole kowa ya saki motarsa iyakar gudunta, sai a yi ta jawo wa juna wannan hukunci.

Ni dai, bayan na auna, ina tare da masu cewa a bar rabon a Stock da Super Stock. Dalilina shi ne gwamawa ba za ta kawar da bambancin da ke tsakanin kuloci da konbata ba, za ta mai da shi teburin alƙalai ne kawai. Duk ranar da aka haɗa su, sai ɗaya ya fi ɗaya, sai a ce a ƙara wa wancan laba 50 ko a rage wa wannan, kuma mun ga abin da irin wannan lissafi ya jawo a Pro Stock a 1972, inda aka shekara ana zargin cewa alƙalami ne ke zaɓen zakara. Ban da haka, waɗannan azuzuwa biyu ba don gano mota mafi gudu aka bar su ba, akwai wasu azuzuwan domin wannan. An bar su ne domin a ga motocin wani zamani suna gudu kusa da yadda aka sayar da su, kuma a wancan zamani mai saye yana zaɓen giyarsa. Matsalar aji marar jama'a gaskiya ce, amma tana da magani ba tare da rushe katanga ba, kuma NHRA ta riga ta gwada shi: a ranar fitar da zakarun aji, akan tattara motocin da ba su sami abokin karawa ba a haɗa su rukuni guda bisa ma'aunin lokacinsu, masu sanda a nasu rukunin, masu otomatik a nasu.

Inda hujjar masu gwamawa ta fi ƙarfi shi ne wurin sababbin motoci, irin Mustang Cobra Jet da Ford ta dawo da ita a 2008, da Challenger Drag Pak ta 2009, da COPO Camaro ta 2012, waɗanda kamfanoni suka ƙera domin fage kawai, ba su da lambar hawa titi. Waɗannan ba su da wani tarihin kasuwa da za a kiyaye, kuma a gasarsu ta tashi-tare da aka fara a 2012 otomatik ce ta zama ruwan dare. Amma ko a nan ƙungiyar ba ta tsaya kan hanya ɗaya ba. A 2023 ta buɗe wani sabon aji mai suna Factory X domin motoci masu jikin zamani da rashin nauyi, ta kuma rubuta a dokarsa cewa dole ne a yi amfani da giyar hannu mai kuloci, ba a yarda da otomatik ba ko kaɗan.